Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton dabbobi a daji na shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton nan, ya makara da sati uku na sani, amma kar wanda ya tuhume ni, ni ke rubutu ni ke bin kuɗi ni ke neman mota.

Mitin na wata-wata an yi tara, uku ba a taru ba.

Maganar kuɗin wata, mu 34 ne a rajista amma mutum 11 kacal suka biya cif. Naira dubu ɗaya ce fa jama'a. Wani in na kira shi sai ya ce "Sakatare wallahi yanzun nan zan tura", har yau ban ga alat ba, wani kuma ya daina ɗaga wayata gaba ɗaya amma kullum yana guruf yana turo hoton macijin da aka kashe a unguwarsu, alhali mun sha faɗa mu ba hoton mushe muke ba, a inda dabba take rayuwa muke ɗaukarta. Rashin biyan nan ne ya sa ba a sayi lensin makro ɗin, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, da muka ce za a riƙa karɓa-karɓa ba, lokacin da kuɗin ya kai rabi dala ta tashi farashin ya gudu ya bar mu. Kalanda ma haka, an zaɓi hotuna 12 tun watan Oktoba, mai buga ta ya ce sai an ba shi kafin alƙalami, ni kuma ba zan sake zubawa daga aljihuna ba, na bara ma ba a maido min ba. Fostar kububuwa da kasa da gamsheƙa da muka so kaiwa Kaltungo don manoma su riƙa bambance su tana nan a kwamfutata, kun dai san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023.

To amma Alhamdulillahi tafiyar Yankari ta watan Yuni ta wanke mana zuciya. Mu tara muka je, kwana biyu a Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin. Daren farko aka sheƙa ruwa, yana ɗaukewa shinge suka cika gindin fitila, kowa ya zube a ƙasa da tocila da kyamara har Shugaba da babbar rigarsa. Da safe muka tarar da buzuzu yana mirgina kashin giwa, kai a ƙasa yana turawa da ƙafafun baya, can sai ya hau kan dunƙulen ya juya ya sauko ya ci gaba, mun fi rabin awa a kansa, kuma hoton da ya fi kyau ƙaramin cikinmu ne ya ɗauka da waya, masu manyan kyamarori sai ku ji kunya. Sai kuma kasa. Mai yi mana jagora ne ya ɗaga hannu ya ce kar wanda ya motsa, ya nuna busassun ganyaye, wallahi na fi minti ɗaya ina kallo ban ga komai ba sai da ta yi huci. Kun san halinta ba ta gudu, kwanciyarta take, don haka muka ja baya aka sa dogon lensi, ba wanda ya taɓa ta ko ya zungure ta da sanda. Hajiya ta samu mazari da malam-buɗe-littafi a bakin ruwan Wikki, biri kuma ya gudu da burodin Ma'aji.

Wanda ya zo da silifas ya san kansa, a daji takalmi but ne ko ka zauna a mota.

Baɗi in Allah ya kai mu Dagona muke so a Yobe saboda ƙwarin fadama. Duk wanda ake bin sa bashin bana ya biya kafin ƙarshen Janairu, in ba haka ba kar ya kira ni neman kujera.

Sakatare