Drake da Surcouf ba jarumai ba ne, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Na ga shafinku na tarihi inda kuka kira Baturen Ingila Francis Drake jarumin teku, gaskiya ban yarda ba sam. Mu ma nan Garwa da muka yi makarantar faransanci haka aka cusa mana Robert Surcouf ɗan garin Saint-Malo na Faransa wai gwarzo ne. To me suke yi? Fashi ne da lasisi. Sarki ya ba ka takarda da hatimi, attajirai su haɗa jari su sayi jirgi da igwa, ku fita ku tare jiragen fataken ƙasar da ake yaƙi da ita, in kun dawo kotu ta duba ta ce kamun ya halatta sai a yi gwanjon kayan kowa ya ja kasonsa. Da wani mai mulki zai ba zargina, wato 'yan fashin hanya, takarda su tare hanyar Ngaundere su kawo mai rabo, wa zai ce musu jarumai dan Allah?

Drake ya zagaya duniya daga 1577 zuwa 1580 yana kwasar azurfar Sifen, Sarauniya Elizabeth ta amshi nata ta naɗa shi Sir a 1581, kuma tun yana saurayi ya bi John Hawkins safarar bayi daga Afirka. Surcouf da ake ta kuranta kamun jirgin Ingila mai suna Kent da ya yi a 1800 shi ma ya yi jigilar bayi daga Mozambik, wannan kam ba a faɗa mana a aji ba. Sai 1856 manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a Paris aka soke sana'ar, Amurka ma ƙin sa hannu ta yi.

Ni talakan cikin jirgin ne ke ban tausayi wallahi. Wata da watanni cikin ruwa, biskit busasshe da sai ka ƙwanƙwasa shi a katako ƙwari su faɗo kafin ka ci, nama duk gishiri, ruwan ganga ya yi wari, dasashi ya kumbura haƙora su yi ta zuba don rashin kayan lambu, sai a 1795 sojan ruwan Ingila suka fara raba ruwan lemon tsami a kai a kai. Ga bulala a gaban kowa, wasu ma kamo su aka yi da ƙarfi a bakin tasha.

In za ku ci gaba da shafin ku rubuto mana labarin waɗannan.

Naku mai karatu,
daga Garwa, Kamaru