Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa injiniyoyi da ɗalibai.

A babban taronmu na bara mun amince cewa bana za mu tsaya kan abu guda: yadda ake fitar da ɗanyen man da ke maƙalewa a cikin dutse bayan rijiya ta fara gajiya. Matsin ƙasa da tura ruwa kan fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai, sauran yana nan kwance. Rijiyoyin Neja Dalta sun kwana biyu, tun 1956 aka gano mai a Oloibiri, ga kuma Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe da aka ƙaddamar a Nuwamba 2022. Bai kamata ɗan Kano ya zama ɗan kallo a wannan fanni ba.

Karatun ranar Asabar ya gudana duk shekara, in ban da hutun azumi. Mun fara da surfaktan, sinadarin da ke aiki irin na sabulu, yana sassauta riƙon da ke tsakanin mai da ruwa har ɗigon man ya saki ramukan dutse. Sai folima, wadda ke ƙara wa ruwa kauri don kada ya tsaga ta hanya mafi sauƙi ya bar man a baya. Mun nazarci filin Daqing na ƙasar Sin, inda ake tura folima a babban mataki tun 1996, da Marmul na Oman da ya fara a 2010.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma ya fi faranta mini rai, shi ne gwajin kayan gida. HPAM, wato folimar da kamfanoni ke amfani da ita, daga waje ake sayowa, kuma zafi da gishiri suna karya mata kauri. Sai muka cika bututu da yashi, muka jiƙa shi da mai, muka tura ruwan ƙaro da na kuɓewa. Ƙaro ya ba mu kunya. Ko da yake shi muka fi sa wa rai, sai an zuba shi da yawa kafin ruwa ya yi kauri, kuma hakan ba zai biya kuɗinsa ba. Yauƙin kuɓewa ya turo man sosai, amma cikin 'yan kwanaki a zafin bazarar Kano ya tsinke ya fara wari. Ɗalibai mata ne suka fara lura da haka, suka kuma ba da shawarar a gwada busasshiya. Allah ya saka musu da alheri.

Ban ji daɗin yadda ɓangaren surfaktan ya tsaya ba. Ba mu da na'urar auna riƙon mai da ruwa, yashi kuma ba dutsen rijiya ba ne, don haka kada kowa ya ɗauki sakamakonmu a matsayin hujja. Ɗauke wuta ma ya lalata mana gwaji fiye da sau ɗaya.

Kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai karanta lissafi a taro mai zuwa, inda za mu yanke shawara kan sayen na'urar auna kauri da neman guntayen dutsen rijiya na gaske. Masu bashi su daure su biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya, Kano