Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani: A Sa Rogo Cikin Lissafi

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo.

Ni manomi ne daga yankin Kachia. Ka san abin da ya same mu a daminar 2023, lokacin da cuta ta bi gonakin citta a nan da Jaba da Kagarko ta ruɓar da ita tun tana ƙasa. Abin da ya rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarar shi ne rogon da muke dasawa a gefen gona, wanda da can ko a lissafin amfani ba ma sa shi. Shi aka yi alabo da shi, aka tuƙa tuwo har wata kakar ta zagayo.

Damina ta canja hali, ranka ya daɗe. Ruwa ya sauka, a yi shuka, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku daidai lokacin da masara ke goyo. Ga tsutsa, ga tsadar taki. Shi kuwa rogo in ya kama ƙasa, fari ya zo sai ya zubar da ganye ya jira, ruwa na dawowa ya sake toho. Yana iya zama a ƙasa fiye da shekara, kana tonon daidai buƙatarka.

Kukanmu yana farawa ne ranar da aka tone shi. Kwana biyu zuwa uku ya fara baƙi daga ciki, shi ke nan ya tashi daga kuɗi. Dillali ya san haka sarai. Zai bari sai ka tara shi a bakin hanya sannan ya faɗi farashinsa, kai kuma ba ka da bakin musu. Bara da idona na ga rogona yana lalacewa a tsibi saboda motar da muka yi alkawari da ita ba ta zo ba. Matanmu da wuƙa suke ferewa, su jiƙa, su shanya a kan dutse ko gefen kwalta, ƙura da awaki suna bi. In hadari ya haɗo, aikin kwana huɗu ya tafi. Wa zai faɗaɗa gonar abin da ba zai iya adanawa ba?

Ka ce mu koma gona, mun koma, kuma takin da aka raba mun gode. A watan Afrilun 2025 aka aza harsashin cibiyar sarrafa amfanin gona a Chikun, amma citta da masara da tumatir muke ji ana ambata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, ga ƙasar kudancin Kaduna tana karɓarsa, ina rabonmu a wannan tsari? Don Allah a duba mu. Injin gurza rogo, da na matsewa, da kaskon suyar garin kwaki, da rumfar shanya mai tsafta, a ajiye su kusa da gonaki a hannun ƙungiyoyin mata da matasa. Rogon da aka mayar garin kwaki a ranar da aka tone shi zai yi watanni a buhu, manomi ya sayar lokacin da ya ga dama.

Akwai kuma maganar iri. Itacen da muke karɓa hannun maƙwabta yakan zo da cutar da ke nannaɗe ganye, alhali cibiyoyin bincike na Ibadan da Umudike sun daɗe da fitar da ingantattun iri irin su TME 419. Malaman gona su kawo mana su. Hanyoyin ƙauye ma suna nan yadda ka san su.

Da ruwa ya zauna a watan Mayu za mu fara dashe. Muna so mu san ko mu ƙara kadada ko mu tsaya a gefen gona.

Naka,
Wani manomi daga Kachia