Rahoton kwamitin gyaran daɓen zauren tsohuwar makarantarmu ta Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa tsofaffin ɗalibai, iyayenmu da yayyenmu. Alhamdulillahi aikin daɓen katako na zauren taro ya kammala, an miƙa ma hedimasta makulli. Rasidai duk suna hannun ma'aji, za a karanta lissafin kuɗi a mitin na gaba. Abin da muke so mu yi bayani yanzu shi ne yawan katakon da aka sayo, don mun ji maganganu cewa wai an yi odar fiye da ƙima, tunda ga ragowa nan a sito.

Kun dai san ginin, tun zamanin haƙar kuza yake, kuma da katako aka yi daɓensa tun asali saboda sanyin Jos, gara ce ta cinye shi ta ƙasa. Wasu sun so a sa tayil a huta, amma aka yi ƙuri'a masu katako suka rinjaya, to shi ke nan.

Zauren ƙafa 40 ne tsawo, faɗi 24, in an buga ya ba da sukwaya ƙafa 960. Sai lungun nan na gaba inda manyan baƙi ke zama, 12 da 8, wato 96. Jimla 1,056. Ginshiƙai biyu na tsakiya ba mu cire su daga lissafi ba, kafinta ya ce abin da za a yanke a zagaye su ya fi abin da suka tare.

Yanzu ga inda rigimar take. Iroko muka zaɓa don gara ba ta cika damunsa ba, mai faɗin inci 4, tsawo ƙafa 12 kamar yadda ake sayarwa a Kasuwar Katako. Duk wanda ya zauna da kalkuleta zai ce kowane ɗaya yana rufe sukwaya 4, a raba 1,056 da 4 a samu 264, kuma wannan 264 ɗin ita ce lambar da ke yawo a bakin mutane. Amma ai ba haka ake shimfiɗa shi ba, sai an kai shi inji an goge an fitar masa da mace da namiji, wato gefe ɗaya harshe ɗaya gefen kwarmi yadda za su shige juna, to gugar ta ci nata, harshen kuma ya ɓuya cikin na kusa da shi. Mun sa an fitar da guda goma na gwaji, aka jera su a ƙasa a gabanmu aka matse aka ja tef, inci 32 da rabi suka ba da maimakon 40. Kenan fuskar da ƙafa za ta taka inci 3 da kwata ce kacal. Da wannan aka raba sai ga 325. Bambancin guda 61 kenan tun ba a taɓa zarto ba.

A kan haka aka ƙara kashi 10 cikin ɗari na asara, aka cike ya zama 360. Asarar nan ba sata ba ce jama'a, bakin katako yana tsagewa sai an datse, wani ya karkace, wani yana da ido a tsakiya, sannan ba a bari mahaɗar layi biyu ta faɗo wuri ɗaya dole a riƙa gocewa. Da ma shimfiɗar a karkace aka yi kamar yadda wani yayanmu ya nema don kwalliya, da sai an ƙara kashi 15 ko fiye, shi ya sa muka ba shi haƙuri. An yi amfani da 341, saura 19.

Sikatin, wato katakon da ke bin gindin bango, da tsawo ake lissafa shi ba da sukwaya ba. Zagayen zauren da lungun ƙafa 144, aka cire ƙofofi uku, babbar mai ƙafa 6 da ƙanana biyu masu uku-uku, saura 132, aka ƙara zagayen ginshiƙai 16, ya zama 148. Guda 13 zai isa a takarda, mun sayi 15 saboda yankan kusurwa yana cin katako, kuma ba ma son guntu-guntun haɗi a bangon da kowa ke kallo. Duk sun shiga in ban da 'yan guntaye. Tubaitu, wato katako mai inci biyu-biyu na ƙasa da aka buga daɓen a kai, guda 72, tazarar inci 16, an shafe su da maganin gara na Solignum bayan an shimfiɗa leda mai kauri kan siminti.

Wasu sun ga katako jibge cikin zauren sati uku ba a taɓa ba suka ɗauka aiki ya tsaya. Da gangan ne. Daga kudu yake zuwa da danshinsa, in aka buga shi a haka hunturu na kaɗawa zai tsuke ya bar tsaga tsakanin layuka, sai aka jera shi da 'yan sanduna tsakani iska na ratsawa. Kuma da yake cikin Janairu aka buga, lokacin da ya fi bushewa, an bar rabin inci tsakaninsa da bango ko'ina, don damina na sauka zai kumbura, in bai samu wurin motsi ba sai ya tashi ya yi tozo a tsakiya. Sikatin ne ya rufe wannan tazarar, don Allah kar wani mai neman lada ya zo ya cike ta da siminti.

Guda 19 ɗin da suka rage kwamiti ya ce ba za a sayar ba. In wani wuri ya lalace nan gaba da wuya a samu mai kala ɗaya da faɗi ɗaya, kowane inji da yadda yake fitarwa. Suna sito a kwance kan sanduna, ba a jingine ba. Mun roƙi masu shara su daina kwara ruwa, tsumma mai ɗan laima ya isa, kujerun ƙarfe kuma an sa musu roba a ƙafa. Kafinta zai dawo cikin Agusta tsakiyar ruwa ya duba, sai bayan nan za a ba shi cikon kuɗinsa.