Wasiƙa Zuwa Ga Yaya: An Yi Mini Aikin Ƙaba

Manchesta, Ingila
Oktoba 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Inna. Dalilin jina shiru kwanan nan, an yi mini aikin ƙaba a asibitin gwamnati, kuma alhamdu lillahi na samu sauƙi. Ka lallaba yadda za ka gaya wa Inna, ka san ta da jin an ce tiyata sai hankalinta ya tashi.

Ƙullutu ne ya fito mini a matsematsi ta dama, in na tsaya ko na ɗaga kaya ya kumburo, in na kwanta ya koma. Likitan unguwarmu ya sa na miƙe na yi tari yana danna wurin, nan take ya ce ƙaba ce, ya rubuta ni zuwa ga likitan tiyata. A nan ba ka tashi ka tafi babban asibiti kai tsaye sai in gaggawa ce. Layi ake bi, ƙa'idarsu mako 18 daga turawa zuwa fara magani, ana kuwa fara duba wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Ranar aiki aka hana ni abinci awa 6 kafin lokaci. Suka ba ni riga mai ɗaurin baya da wata doguwar safa mai matse ƙwauri don kada jini ya daskare. Likita ya zo da alƙalami ya zana kibiya a cinyata ta dama, ya sake tambayata sunana da ɓangaren da za a yi wa aiki, alhali nas biyu sun riga sun tambaya. Aka yi mini allurar barci, ban farka ba sai da an gama. Sun mayar da hanjin ciki, suka shimfiɗa wata 'yar raga suka toshe ɓular, ɗinkin kuma mai narkewa ne da kansa. Da na sha shayi na yi fitsari, da yamma suka sallame ni, da sharaɗin wani babba ya raka ni gida ya kwana tare da ni. Abokin zamana ɗan Zariya ya yi wannan ɗawainiyar, Allah Ya saka masa.

Kwanakin farko atishawa ce abar tsoro, sai na danne wurin da matashi tukuna. Salla a kan kujera nake yi har yanzu.

Ko sisi ba a karɓa ba ranar aikin, amma kada ka ɗauka kyauta ce zalla. Tsarin kiwon lafiyar nasu, wato NHS, da haraji ake tafiyar da shi tun 1948, mu baƙi kuma muna biyan fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza. Inda abin ya taɓa aljihuna shi ne an hana ni ɗaukar nauyi na mako 4 zuwa 6, aikina kuwa duk ɗauke-ɗauke ne. Kuɗin da doka ta tanada a biya ma'aikaci in yana jinya fam 118.75 ne a mako, haya kaɗai ta lashe shi. Saboda haka saƙon wannan wata zai yi ƙaranci, a yi haƙuri.

Abin da ya fi damuna shi ne Baffa. Shekara nawa yana fama da gwaiwa yana ɓoyewa don kunya, ana ta jiƙa masa saiwoyi. Likita ya gaya mini ƙaba ba ta toshewa da magani, sai aiki. Haɗarin shi ne hanji ya maƙale a ɓular jini ya daina kai masa. In ka ga kumburin ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ga rashin bayan gida, to ko tsakar dare ne a ɗauke shi sai asibiti. Kafin a kai ga haka, don Allah ka kai shi likita ya duba ko hanji ne ko ruwa, ka tambayo kuɗin aikin ka sanar da ni. In ya yi gardama ka kira ni a waya ina son mu yi magana da shi da kaina.

A gaida Inna da kyau, da Kawu da yara duka.

Wassalam,
Ƙaninka