Shugaban asibitin ƙauye ya zama mai hidima ga ma'aikatansa

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ƙananan asibitocin ƙauyukan Jigawa, ba ƙarancin albashi kaɗai ke sa ungozoma neman canjin wurin aiki ba. Sau da yawa halin shugaban asibitin ne.

Ungozoma ɗaya ta kwana tana karɓar haihuwa da fitilar wayarta, babu ruwa a famfo, gari na wayewa a ce ta zauna awon ciki. Wata uku ba za ta yi ba za ta nemi komawa Dutse ko Haɗejiya. Shugaba nagari shi ma yakan sa sunansa a jadawalin kwana, ya ba wadda ta kwana hutun washegari, musamman a watan Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje da yara.

Kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, a fara da batirin sola, safar hannu da gyaran ɗakin kwanan ma'aikata kafin fenti. A zauna da dagaci da kwamitin unguwa a samar da mai gadi da dare. Idan ma'aikaci ya yi kuskure, a yi masa gyara a ofis, ba a gaban majinyata ba.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Gumel.