Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Olayemi Cardoso

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da burin da ka bayyana na ganin kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke aikowa gida ta hanyoyin hukuma ya kai dala biliyan 1 a kowane wata.

Kuɗin aike ya bambanta da sauran kuɗin da ke shigowa ƙasa daga waje. Mai zuba jari riba yake bi, kuma ba ya shiga inda yake tsoron kuɗinsa zai maƙale, kamar yadda na kamfanonin jiragen sama na waje ya maƙale a 2023. Tallafi kuwa siyasar mai bayarwa ce ke juya shi, shi ya sa da gwamnatin Trump ta rushe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025 aikin jinya da ciyarwa a arewa maso gabas ya shiga mawuyacin hali. Amma kusan dala biliyan 20 da Bankin Duniya ya ƙiyasta ana aikowa kowace shekara, zumunci ne ke kawo su: maganin gyatuma, kuɗin makarantar ƙanne, cefanen azumi da ragon layya. Ko da tsari ko babu za a aiko. Abin da ke hannun bankinka shi ne ƙofar da za su shigo.

A 2021 bankin ya yi tayin ƙara naira 5 a kan kowace dala da aka aiko ta hanyar hukuma, alhali tazarar da ke tsakanin farashin banki da na kasuwar bayan fage ta ninka wannan sau da yawa, don haka mutane suka ci gaba da zuwa wurin 'yan canji. Haɗe farashin canji da aka yi a watan Yunin 2023 ya fi wancan tayin amfani nesa ba kusa ba, duk da tsadar rayuwar da ya jawo.

Saura ladan aike, wanda zuwa ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara yake kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya na son ya sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Akwai kuma 'yan Arewa masu aikatau a Jidda da Makka, waɗanda da yawansu ba su da takardun da banki ke nema. Sukan miƙa riyal ga wani amintacce, abokin hulɗarsa a kasuwar Wapa ta Kano ya biya iyali kafin la'asar. Ina roƙon ka sassauta musu sharuɗɗan shaida kan ƙananan kuɗi, ka kuma ba amintattun 'yan canji lasisin karɓar irin wannan aike, domin ya riƙa shiga lissafin ƙasa.

Huta lafiya,
Wani ɗan ƙasa daga Kano